Wanda Ya Kai Ƙarar Kiɗan Masunta

Ni na fara ganewa. Kafin Iya matata, kafin Malam Bubayero da digirinsa biyu, kafin duk wani mai takalmi sau-ciki a garin Dutse, ni Gwadabe mai ɗaurin ganga na dubi yaron nan Kamilu sau ɗaya na ce akwai abin da ya ɓoye a ƙarƙashin farar shaddarsa. Ban yi boko ba, allon ma a izu biyu na tsaya. Amma na ga farin da ya kashe shanun Garki ban mutu ba, motar gyaɗa ta kife da mu a hanyar Kiyawa na fito da ƙafata, kububuwa ta sare ni ita ta riga ni zuwa lahira. Wanda ya tsallake waɗannan, ɗan sakatariya ne zai rufe masa ido?

Ku da kuke karantawa a waya, ba ni nake dannawa ba. 'Yata Bilki ce a gefen tabarma tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata ko wasali ta sauya ban yafe ba. Labarin ma nata ne. Yau ta fara furfura, amma a lokacin tana da ashirin da bakwai, doguwa, ga wushirya, in ta taka keken ɗinki har maƙwabta sun san ta tashi.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa ke nan. Ni ma na je filin, na yi kabbara har muryata ta dishe, kada wani ya ce da wata manufa nake magana. A lokacin ina aiki a cibiyar wasanni da wata jami'a ta buɗe a Dutse bayan an ba mu jiha. Ba zan kama sunan jami'ar ba. Zaure ne babba mai rufin kwano, da dandamalin katako da bencina jere. Duk wata ganga da kalangu da kotso da ke wurin ni na ɗaura musu fata, ni nake ja musu tsarkiya, wato igiyoyin fatar nan da ake matsewa a hammata kalangu ya yi magana.

Malam Bubayero shi ne shugaban wurin, Bafulatani siriri mai gilashi. Ya tsara wasannin mako shida da za a fara da zarar an gama kaka. An kafa allo a ƙofa, ban iya karanta shi ba amma na fi mai rubutun sanin abin da ke ciki. Akwai rawar koroso, akwai masu sarewa da za su zo daga ruga, akwai wasan kwaikwayon wani tsoho da ya rantse titi ba zai ratsa gonarsa ba. Abin da kowa yake jira shi ne rawar masunta ta mako na uku. Samari goma sha biyu da komar kamun kifi da gora, suna tuƙa jirgin da babu shi har sai ka ɗaga ƙafa kada ruwa ya taɓa ka. Kiɗan rawar ni na ba su. Ku riƙe wannan.

Kayan 'yan wasa kuwa duk Bilki ce ke ɗinkawa. Tana da littafin awo mai shuɗiyar takarda, kullum a kansa take ajiye kwalbar man keke, shi ya sa ko wane shafi ka buɗe da tabon mai a kusurwa kamar an buga hatimi. Shekara nawa ina yi mata faɗa a kan haka, ta ƙi ji.

A daidai lokacin Kamilu ya fara zuwa zance. Farar shadda mai sitaci, wando iya idon sawu, gemu a gyare, agogon azurfa, ga ƙamshin turare tun daga bakin layi. Yana haya a unguwar Takur, yana aiki a sakatariya. Ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidanmu a Yalwawa bayan la'asar, ya yi sallama da ƙalƙala kamar mai jan baƙi.

Ranar farko ina zaure, na baje kayan aiki. Akwai kalangu ɗaya kwance a kan hanya. Baƙo in ya tarar da haka, ko ya tsallake, ko ya kama tsarkiya ya ɗaga kamar mai ɗaukar kaza. Shi wannan sai ya sunkuya ya zura hannu ta ƙugun icen kalangun, ya tallafo shi kamar jariri, ya jingina shi fatar tana kallon bango inda rana ba ta kaiwa. Kafin ya saki, babban yatsansa ya ɗan danna gefen fatar. Sau ɗaya. Ko shi bai san ya yi ba.

Na ce a raina, a'a. Wannan hannun ba a ofis ya girma ba.

"Samari, daga ina?"

"Daga Kano na yi karatu, Baba."

"Ban tambayi karatu ba. Cibiyarka a ina aka binne ta?"

"Can arewa da nan," in ji shi, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Arewa da nan! Har Agadas arewa da nan ce.

Da ya tafi na shiga ciki na tarar Iya ta baje tsarabarsa a kan gado, sabulu sinƙi biyu, turmin atamfa mai ruwan ganye, da kaset ɗin wa'azi. Sai murmushi take yi kamar ita aka zo nema.

"Malam, ka ga yaro? Ko kiɗan rediyo ba ya saurara. Allah ya kawo mai fitar mini da yarinya daga gidan roƙo."

"Gidan roƙon ne ya ciyar da ke shekara talatin."

"Ya ciyar da ni, ya kuma hana 'yata miji sau biyu. Ko ka manta?"

Ban manta ba. Sau biyu ana zuwa neman Bilki, sau biyu dangin miji suna bincike su ji ubanta makaɗi ne, su aiko da haƙuri. Na biyun har an sa rana. Kwana uku ta yi keken bai yi motsi ba.

"Wannan karon," in ji Iya, "in ka kore shi da binciken nan naka, ka san inda za ka samo mai tuƙa maka tuwo."

Ni dai idona yana kan yaron. Wata biyu yana zuwa. Ranar da aiki ya tsare shi sai ya aiko da wasiƙa, ita ma ta yago shafi a littafin awonta ta ba shi amsa. Wani lokaci yana biyowa cibiya ya jira ta. Ba ya shiga, wai shi ba ya zama inda ake kiɗa. Sai ya tsaya a gindin darbejiya kusa da taga, ya juya mana baya. Ni kuwa ina hangen kafaɗarsa ta hagu. Duk sanda Arzika, babban mai kalangunmu, ya matse tsarkiya, kafaɗar nan sai ta motsa.

Rannan Malam Bubayero ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya cire gilashi.

"Baba Gwadabe, an kai ƙararmu."

"Wurin wa, ranka ya daɗe?"

"Kwamitin da aka kafa don tace wasanni. Wani ya rubuta musu takarda babu suna. Ya ce kiɗan rawar masunta ba na masunta ba ne, kiɗan bori ne aka sauya wa riga. Ranar Alhamis za su zo su kalli gwaji. In ya tabbata, ba rawar kaɗai ba, mako shidan gaba ɗaya za su rufe." Ya dube ni. "Kai ka kawo kiɗan. Ƙarya ce, ko?"

"Ƙarya ce tsagwaronta," na ce.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bilki, rubuta. Ba ƙarya ba ce. Ubana a Garki ya yi wa 'yan bori garaya kafin ya tuba. Akwai kiɗan Sarkin Rafi, aljanin ruwa na bori, da yake yi, mai tafiya kamar ruwa a kan yashi. Da aka ce in kawo kiɗan masunta na nema na rasa wanda ya kai shi daɗi, sai na ɗauke shi daga garaya na ɗora a kan kalangu, na ƙara masa sauri, na yanke masa wutsiya. Ba don in kira wani aljani ba, wallahi. Daɗinsa ne ya ja ni. Na kuma tabbata babu mai ganewa.

Na fito ina ƙirga kunnuwa. Wa zai iya jin kiɗan nan a cikin sabuwar rigarsa ya gane shi? Sai ɗan gado, wanda aka haifa a gindin ganga. Ni ɗaya. Arzika gidansu gangar noma suka gada, bai taɓa zama inda ake garaya ba, kuma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ɗaliban jami'a kuwa in ka kaɗa musu gwangwani ma rawa za su yi. Saura wa? Saura mai tsayuwa a gindin darbejiya.

Na koma na leƙa ofis. "Ranka ya daɗe, sammacin da kwamitin ya aiko maka, wa ya sa masa hannu?"

Ya duba. "Magatakardan kwamiti. Wani Kamilu."

Kun ji? Ashe shi ne mai riƙe musu alƙalami. Ya shigo gidana da sabulu, yana leƙen asirina ta taga. Kuma waliyyansa sun aiko cewa ranar Juma'a, washegarin zuwan kwamiti, za su zo neman aure. Wato ya rufe mini wurin aiki ranar Alhamis, ya ɗauke mini 'ya ranar Juma'a.

Amma ni ba na yanke wa mutum hukunci sai na kama hannunsa a cikin tukunya. Ranar Litinin na ɗana tarko. Na ɗauko kalangun da na ɗaura wa sabuwar fatar ɗan akuya, na sassauta tsarkiyar gefe guda, na ɗaure bakin da ƙullin banza irin na mai ɗaurin buhu. Na ajiye shi a ƙofar zaure inda rana take dukan fatar sosai. Ɗan gado in ya ga haka, kamar ya ga an bar jariri a rana ne. Na ce wa Iya in yaron ya zo ta tsare Bilki a ciki da wani aiki. Na tafi masallaci, na yi la'asar, na zauna na yi ta lazimi har liman ya fara kallona.

Da na dawo, Kamilu yana zaune a kan tabarma da carbinsa kamar bai san an yi duniya ba. Kalangu yana inuwa. Na ɗauka, na matsa. Ya amsa daidai ta ko wane gefe. Na juya shi na dubi ƙullin.

Kowane gidan makaɗa da ƙullinsa. Mu muna ƙulla ɗaya mu naɗe sau uku. Wannan an ƙulla biyu, an lanƙwasa bakin an soke shi ta ƙasa kamar wutsiyar kunama. Gida ɗaya ne a duk ƙasar nan yake wannan ƙulli.

Na zauna a gabansa. "Yaya Mailafiya mai kalangu?"

Carbin ya tsaya.

"Mailafiya na Garki, mai kiɗan mahauta ranar kasuwa. Mun yi yawo tare kafin a haife ka. Yana raye?"

Ya ce, "Ya rasu shekara huɗu ke nan, Baba."

"Allah ya ji ƙansa. Kai ne na nawa?"

"Na fari."

"Na fari! Magajin kalangu, shi ne ba ya zama inda ake kiɗa. Me ya kai hannunka kan kayana?"

"Tausayi ya ba ni, Baba. Fatar za ta tsage."

Ya ba ni labari a gajarce. Yana da sha biyar ya gudu makaranta. A Kano ya nemi wata yarinya, aka bincika, aka ce ɗan maroƙi ne, aka kore shi. Tun ranar ya rantse babu wanda zai sake sani. A ofis suna ɗauka ɗan malamai ne.

"To ka ji kiɗan masunta ta taga. Ka gane shi?"

"Tun bugun farko."

"Sai ka rubuta takarda."

Ya ɗago da sauri. "Wallahi ba ni ba ne."

"Amma ta hannunka ta bi."

"Ni na buɗe ta. Da zan iya da na ɓoye, amma a gaban shugaba aka miƙo mini."

"Ka san mai rubutun?"

Ya kawar da kai.

"Kamilu, da kai nake."

"Amana ce, Baba. Ba zan faɗa ba."

"To ka ji tawa amanar. In ba ka faɗi sunan ba, ka aika wa waliyyanka kada su ɓata man mota. Ba na ba da 'yata ga wanda ya ɓoye ubansa, yanzu kuma yake ɓoye maƙiyina."

Ya tashi, ya durƙusa ya yi mini sallama, ya tura babur ɗinsa har ƙarshen layi bai tayar ba.

Iya ta ji komai ta bayan ƙyaure. Ranar tuwon da aka kawo mini ko kare aka jefa da shi sai ya yi rauni. Bilki kuwa ba ta yi kuka ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Tana kan keke tana ƙara wa rigunan masunta hannu, don Malam Bubayero ya ce kada a ga damtsen kowa.

"Kin ji ko wane ne saurayin naki?"

"Na ji, Baba."

"Ba ki yi mamaki ba?"

"Mutum yana zance yana kaɗa yatsa a gwiwa, Baba, ai ba sai an faɗa ba." Ta ciji zare. "Ranar Alhamis in sun tambaye ka, me za ka ce?"

"Abin da na ce wa Malam Bubayero."

"Ko sun ce ka rantse?"

"Ke dai yi ɗinkinki."

Alhamis ta zo. Bayan azahar malamai uku suka shigo suka zauna a bencin gaba. Shugabansu dattijo ne mai sanyin murya, da farin rawani. Kamilu yana gefensu da fayil a cinya, bai ko dubi inda nake ba. Aka yi koroso, suka ce babu laifi tunda maza ne zalla. Aka yi guntun wasan tsoho da titi, har ɗaya daga cikinsu ya rufe baki da hannun riga yana dariya. Sannan masunta suka fito, Arzika ya saki kiɗa.

Jama'a, har yau yana cikin kunnena. Kiɗa ne. Aka gama, masunta suka zauna.

Dattijon ya ce, "Wane ne Gwadabe?"

Na fito na durƙusa. "Ga ni, Allah gafarta Malam."

"Ni ban san kiɗa ba, ba kuma zan yanke hukunci a kan abin da ban sani ba. Mai takarda ya ɓoye sunansa, maganarsa ba ta zama shaida ba. Kai ne ka kawo kiɗan. In ka rantse da Allah ba shi da alaƙa da bori, mun wuce wurin, ku yi wasanku."

Kun ga inda aka kai ni. A bayana samari goma sha biyu da suka yi wata huɗu suna zufa. Ga Malam Bubayero da ya yarda da ni. Ga Arzika mai 'ya'ya tara. In na ce gaskiya na rufe musu ƙofa, in na rantse na sayar da lahirata a kan kalangu. Ni da mota ta kife da ni ban ji tsoro ba, ranar na ji shi. Na waiga. Bilki tana bakin labule da allura a baki, amma ba ni take kallo ba. Kamilu take kallo, ko ƙiftawa babu.

Na buɗe baki. Na ce, "Wal..."

"Allah gafarta Malam, kada a sa shi rantsuwa."

Kamilu ne. Ya ajiye fayil a kan benci, ya kwance agogo, ya naɗe hannun shaddar nan mai sitaci. Ya hau dandamali ya miƙa wa Arzika hannu. Arzika ya dube ni, na gyaɗa kai. Yaron nan ya rataya kalangu, ya gyara shi a hammata, sai ka ce jiya ya ajiye.

Ya fara a hankali, yadda ake yin sa a garaya. Na ji ubana ya dawo duniya. Sannan ya ƙara sauri, ya yanke wutsiyar, sai ga kiɗan masunta ya fito.

"Guda ne," in ji shi. "Takardar ba ta yi ƙarya ba. Amma babu wanda ya sani a zauren nan, kuma tsohon nan daɗin kiɗan ne ya ruɗe shi."

Dattijon ya juya gare shi. "Malam Kamilu, kai ina ka san wannan?"

"Ni ɗan Mailafiya mai kalangu ne na Garki. A gindin ganga aka haife ni."

Ɗaya malamin ya ce, "Ikon Allah! Ba ka ce mana mahaifinka almajirin malam ba ne?"

"Na faɗa. Ƙarya na yi, ina neman gafara." Ya gyara tsayuwa. "In an ba ni izini, akwai kiɗan kamun kifi na gaske, wanda ake yi wa masunta a bakin kogin Haɗeja ranar da za a faɗa ruwa. Mahaifina yana zuwa da ni. Kiɗan aiki ne, babu komai a cikinsa sai kirarin masu koma."

Ya kaɗa. Ba zan yi ƙarya ba, bai kai nawa daɗi ba. Amma samarin nan tun ba a ce su tashi ba ƙafarsu ta kama, jirgi ya sake tafiya.

Malaman suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Dattijon ya ce a cire wancan a sa wannan, sauran wasanni su tafi yadda aka tsara. Da zai fita ya tsaya a kaina ya ce a hankali, "Tsoho, rabin kalma ya rage maka. Ka gode wa Allah." Kamilu kuwa a makon aka ɗauke shi daga kwamiti aka mai da shi ɗakin ajiyar fayil, 'yan ofis suna kiransa magatakarda mai kalangu har ya yi ritaya.

To ga inda nake so ku saurara. Sanda Kamilu ya ajiye fayil ya hau dandamali, fankar sama ta buɗe shi, takarda ɗaya ta zamo ta faɗi kusa da gwiwata. Na ɗora ƙafa a kai. Da hankali ya koma kan kiɗa na leƙa. Ban iya karatu ba, amma ba sai na karanta ba. Shuɗiyar takarda ce, da tabon man keke a kusurwa.

Nan na gane kuskuren lissafina. Na ƙirga kunnuwan 'yan gado na tsallake ɗaya, don mu makaɗa in muna ƙirga magada ba ma sa 'ya mace. Alhali shekarar da ƙyanda ta kama Bilki tana da huɗu, kwana bakwai ina rungume da ita, da wannan kiɗan nake lallashinta a baki har ta yi barci. Kuma wanda ya yi wata biyu yana karɓar wasiƙa a shuɗiyar takarda, ai ya san hannun tun kafin ya gama buɗe ambulan. Amanar da ya ƙi faɗa ke nan, ya yarda ya rasa auren a kanta.

Na naɗe takardar na sa a aljihu, na aika wa Kamilu cewa na janye sharaɗina. Ranar Juma'a waliyyai suka zo, na ba su. Iya ta yi guɗa har ta shaƙe, ko da yake ta yi mako guda tana cewa ta gudu daga ganga ta faɗa kalangu. Aka buɗe wasanni bayan kaka, mako na uku mutane har kan taga.

Shekara ashirin da wani abu ban ce wa kowa uffan ba. Yau ne Bilki take jin na sani. Ga ta nan ta ajiye waya. Ɗauki, ki rubuta amsarki da hannunki.

Ta ce, "Baba, ba kwamiti na rubuta wa ba. Na san wanda zai buɗe ambulan."

Na ce, to don me?

Ta ce, "Sau biyu ana fasa aurena don ni 'yar makaɗi ce. Sai kuma in auri ɗan makaɗi mai jin kunyar ubansa, ya raine mini 'ya'ya su ji kunyarka? Kuma da an bari sai ranar wasa, wani tsoho a cikin 'yan kallo ya gane kiɗan, a gaban gari za a fitar da kai."

Na ce, da bai tashi ba fa? Rabin kalma ya rage mini.

Ta ce, "Da ni na fito daga bayan labule."

Haka ta ce. Ni dai na ga allura a bakinta, ban ga ƙafarta ta motsa ba. Kuma har yau ban gama yarda cewa ba su ƙulla abin tare a gindin darbejiya ba, don in na tayar da zancen kiɗan masunta a gabansu sai su dubi juna su yi shiru. Ina nan ina lura da su.

Amma a kan yaron, wa ya riga ni? Na ce yana ɓoye abu, yana ɓoyewa. Na ce hannun ba na ofis ba ne, ba na ofis ba ne. Wanda ya ce tsufa ne yake sa ni ƙari, ya zo Yalwawa ya tambayi gidan Gwadabe mai ɗaurin ganga. Kalangu yana rataye a zaure da ƙullin wutsiyar kunama, ban taɓa kwance shi ba. Ta ɗaya bakin na zura takardar na sake ɗaurewa. Ya girgiza, zai ji tana motsi a ciki. In kunnensa bai ishe shi ba sai ya gani da ido, ya taho da fatar ɗan akuya mai kyau, don ni ba zan farke tawa saboda gardamar wani ba.